Ilu Mai Allo da Fim Ɗin Ƙafa

Shekara bakwai ke nan cif a wannan watan da muka kai Iliyasu makwancinsa a Gumel. In na ce Iliyasu, ko a unguwarsu sai an tsaya tunani. Ilu Mai Allo kowa ya sani, mai gidan kallon nan na bayan tasha, wanda ya shafe shekaru yana gaya wa gari guda abin da ya dace su kalla da wanda bai kai su tashi daga tabarma dominsa ba. Abokina ne tun muna aji ɗaya na firamare. Na daɗe ina cewa zan yi rubutu a kansa, ina ɗagawa. Bana an hana ni ɗagawa, kuma kafin in gama za ku ji wadda ta hana ni.

Allon da ya ci sunansa tsohon allon aji ne, ni na samo masa lokacin da aka kawo sababbi makarantar da nake koyarwa. Kullum da hantsi zai jingina shi a ƙofar gidan kallo, ya ɗauki alli ya rubuta finafinan ranar. Sauran masu gidan kallo suna rubuta sunan fim da lokaci su tsaya. Ilu sai ya ƙara da ra'ayinsa. Za ka ga ya rubuta: "Faɗa daga farko har ƙarshe, ba a faɗi dalili ba." Ko kuma: "Rawa ta yi yawa, labari kaɗan, amma akwai wani doki mai hankali." Akwai ranar da ya rubuta: "Wannan ban ba kowa shawara ba," a kan fim ɗin da shi da kansa zai haska da la'asar. Ranar sai da aka aro benci daga wajen mai shayi.

Babban aibinsa, bakinsa ba ya riƙe ƙarshen fim. Yana karɓar ka a ƙofa zai ce maka jarumin zai mutu, amma kada ka damu, ƙaninsa zai rama masa. In ka yi ƙorafi ya ce shi a tarbiyyar gidansu ba a barin baƙo cikin zulumi. Mutane sun yi fushi, sun gaji, sun saba. Har ta kai wasu dattawan da ba sa shiga gidan kallo suna tsayawa a ƙofa su ji ƙarshen daga bakinsa, su wuce masallaci hankali kwance.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Gidan kallon yana nan, amma ƙwallo kawai ake nunawa, da rana kuma ana cajin waya. Shawarar abin kallo ta koma cikin wayar. 'Yata da ke karatu a Kano takan turo mini irin jerin nan da ake yi wa masu sha'awar al'adun birni: ga baje kolin zane a wuri kaza, ga fim kaza, ga shirin tarihin wani mawaƙi, kada ka bari ya wuce ka. Na karanta sun fi a ƙirga, ban taɓa ganin inda aka ce wannan kam zauna a gida ba. Komai mai kyau ne, komai ba a taɓa yin irinsa ba. Na san Ilu zai miƙo mini wayar ya ce wanda ya rubuta wannan ko dai bai kalla ba, ko kuma mai fim ɗin ɗan'uwansa ne.

To, a cikin irin wannan jeri ne, watanni biyu da suka wuce, na ga sunan abokina. Kafin in kai ku can sai na koma baya shekara ashirin.

Wani direban babbar mota da ke zirga-zirga tsakanin Damagaram da Maigatari ya kawo wa Ilu kaset ɗin wani shiri da Turawa suka yi a kan makaɗan wata ƙasa. Ba wasan kwaikwayo ba ne, tsofaffi ne kawai ana hira da su suna kiɗa. Ilu ya kalla sau uku, ya zo gidana ransa a ɓace. Ya ce waɗannan tsofaffin da aka tsallako teku dominsu, ko ɗaya bai kama ƙafar makaɗanmu ba, amma namu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya ajiye ko tarinsu. Alhamis na zagayowa ya tafi kasuwar Maigatari, ya dawo da kyamarar bidiyo ta hannu da wasu takalma ruwan ɗorawa masu tsini, wai irin na masu shirya fim ne. Takalman nan ba wanda ya rayu a Gumel a shekarun nan da bai san su ba, don da su yake zuwa suna da ɗaurin aure da ta'aziyya.

Makaɗin da ya zaɓa ya fara da shi tsohon makaɗin garaya ne a wani ƙauye da ke ƙasar Sule Tankarkar, wanda ya yi wa maharba da manoma kiɗa tun kafin a haife mu. Tsohon nan surukina ne, mahaifin uwargidana. Ba zan rubuta sunansa ba, don har yau bakina bai iya ba. A lokacin shekarata bakwai da auren 'yarsa, amma in aka ce in siffanta fuskarsa sai dai in siffanta hularsa da gefen gemunsa. In na hango shi nakan cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in kafa ido a ƙasa har a gama gaisuwa. Shi ma ta gefe yake amsa mini, yana kallon wata bishiya. Haka muka taso, kuma ban taɓa jin abin ya takura ni ba sai ranar da aka miƙo mini kyamara.

Ni rakiya kawai na je. Uwargida ta haɗa mana tsaraba, ta ce in kai Ilu in gabatar da shi, in koma gefe. Lokacin sharar gona ne, tsohon ya ce a yi abin a gindin tsamiyar bakin gonarsa, inda hayaniya ba za ta dame shi ba. Mu uku ne rak. Da aka shimfiɗa buzu sai Ilu ya gano cewa hannu biyu Allah ya ba shi: ɗaya na makirfo, ɗaya na takardar tambayoyi. Ban da haka ma, ya sha babbar riga da hula, yana so a gan shi a fim ɗinsa yana hira kamar ma'aikacin talabijin. Ya ja ni gefe ya ɗora mini kyamarar a kafaɗa.

Na ce, "Ilu, ka san fa wane ne wannan a wajena."

Ya ce, "Malam, ai ba kai za ka kalle shi ba, gilashi ne zai kalle shi. Kai dai danna nan ka riƙe."

Na danna na riƙe. Matsalar farko, ba zan iya tsayuwa a kan surukina yana zaune ba, sai na durƙusa. Matsala ta biyu, da na sa ido a 'yar tagar kyamarar sai ga fuskarsa ta cika mini ido, kusa da kusa, har ina ganin jijiyar goshinsa. Na ji kamar na faɗa ɗakinsa ba sallama. Kaina ya sunkuya da kansa, kyamara kuma ta bi kan. Ina ta gaya wa zuciyata yanzu zan ɗago, bari ya gama wannan waƙar. Ya gama, ya kama wata. Kusan awa guda tsohon nan yana kiɗan da ban taɓa jin ya yi irinsa ba, yana ba da labarin maharban da ya yi wa waƙa, ni kuwa ina ɗaukar ƙafafunsa da gefen buzu da wasu tururuwa da ke wucewa da harkarsu.

Washegari muka sa kaset ɗin a gidan kallo, mu biyu, ƙofa a rufe. Ilu ya yi minti biyar yana jiran kyamara ta ɗago. Da ya tabbata ba za ta ɗago ba sai ya fashe da dariya har ya zame daga kan benci. Ya ce babbar rigarsa ta tafi a banza, gugar da ya biya ma haka. Muka yanke shawarar komawa bayan kaka mu sake, wannan karon a ɗora kyamarar a kan turmi, tunda turmi ba shi da suruki. Ba mu kai kaka ba. A tsakiyar daminar nan tsohon ya yi zazzaɓin kwana huɗu ya rasu, kuma duk gidan babu hotonsa ko ɗaya, don kafin zuwanmu bai taɓa yarda an ɗauke shi ba.

Bayan sadakar arba'in uwargida ta ce a kawo mata fim ɗin babanta. Na yi ta kwana-kwana, yau janareto, gobe kaset ya sha zafi, har ta aika wa Ilu da kanta. Ya kawo talabijin da bidiyo tsakar gidanmu da hantsi, 'yan'uwanta mata sun cika tabarmi, kowa ta tanadi hawayenta. Aka kunna. Muryar tsohon ta fito, aka fara sheshsheƙa. Minti biyu, minti biyar, ƙafa. Uwargida ta share ido ta matso kusa, ta ja baya, ta dubi Ilu ta ce, "Ina fuskar? Wa ya riƙe abin ɗaukar?"

Ina tsaye a bakin zaure. Allah ya sani na buɗe baki. Kafin wani abu ya fito Ilu ya ce, "Ni ne, amarya. Sabuwa ce, ban gane kanta ba. Ki yi haƙuri."

Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta ƙara kallon kaset ɗin ba. Ni kuma na rufe bakin da na buɗe, ya zauna a rufe shekara ashirin.

Daga ranar Ilu ya zama "abokinka" a gidana. Da can shi ne mai shigowa yana tsokanarta da amarya, tana ce masa mijin talabijin, ta zubo masa fura a babbar ƙwarya. Bayan fim sai gaisuwa ta koma lafiya lau, lafiya lau, a rufe labule. Ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba, ba halinta ba ne, amma duk wanda ya san yadda matar aboki ke janye fara'arta ya san ba ƙaramin abu ba ne. Gari ma bai bar shi ba. Labari ya fita daga bakin matan, 'yan tasha suka sa masa daraktan ƙafa. In zai wuce sai wani ya ɗaga sawunsa ya ce a ɗauke shi hoto. Shi kuwa maimakon ya ɓoye kaset ɗin sai ya sa shi a allo: "Fim ɗin ƙafa. Wanda ya ɗauka bai iya ba. Amma ku zo ku ji garaya." Aka cika, aka yi dariya, minti goma kowa ya watse. Ba wanda ya taɓa kallonsa har ƙarshe, abin da ya rufa mini asiri ke nan.

Sau ɗaya na ce masa zan faɗa mata gaskiya. Ya ce in bari ta huce tukuna. Ya ce shi fushinta ba ya bin sa gida, ni kuwa a gidan nake cin tuwo. Na karɓi wannan magana hannu biyu, don ta yi mini daɗi. Ba ta huce ba, ban faɗa ba, shi kuma bai ƙara tayar da zancen ba, ko da wasa, ko a ranakun da muka saɓa. Shekara goma sha uku yana shan lafiya lau daga bayan labule. Ranar da ya rasu ta je gidan ta yi kuka sosai, da ta dawo ta ce Allah ya yafe masa, har da abin da ya yi wa Baba. Na ce amin. A duk amin ɗin da na taɓa cewa a rayuwata babu wadda nake jin kunyarta kamar wannan.

Yanzu mu dawo kan jerin da na ce na ga sunansa. Ashe 'yarsa Rabi ta kwashe tsofaffin kasakasansa ta kai Kano aka juye su, wata matashiya mai shirya baje kolin hotuna da finafinan makaɗa ta ga fim ɗin ƙafa a ciki, ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. A nan kam ta yi gaskiya. Aka sa shi cikin abubuwan da za a nuna, aka rubuta a jerin shawarwari cewa duk mai son al'adun birni kada ya bari aikin marigayi Iliyasu na Gumel ya wuce shi. Al'adun birni, a gindin tsamiya, a ƙasar Sule Tankarkar. Rabi ta kira ta ce an ware wa iyalan makaɗin kujeru. Na ce wa uwargida hanya ba kyau, ga ciwon gwiwarta. Ta ce za ta je ta ga abin da mutanen Kano suka gani a ƙafar ubanta.

Abin da ya hana ni sukuni a motar shi ne na san abin da ke ƙarshen kaset ɗin. Wajen minti na arba'in, iska ta taso, Ilu ya matsa kusa da tsohon don makirfo ya kama sauti. Takalman nan ruwan ɗorawa suka shigo hoto, suka zauna daram kusa da buzu, suna fuskantar kyamara. Mutumin da ƙafarsa ke gaban kyamara ba zai zama shi ke bayanta ba. Tun daga Gumel nake shirya yadda zan fara magana. Na ce sai mun wuce Gagarawa. Muka wuce, na ce sai mun sauka. Muka sauka, na ce sai mun zauna.

Wurin wani babban ɗaki ne mai farin fenti, an rataye zane-zane a bango, samari da 'yan mata suna tsayawa gaban kowanne suna gyaɗa kai. Na tsaya gaban wani na gyaɗa nawa, sai daga baya na gane taswirar hanyar fita ce in gobara ta tashi. Da azahar ta wuce aka zaunar da mu gaban farin kyalle. Matashiyar ta tashi ta yi bayani, rabi Hausa rabi Turanci, cewa marigayin ya ƙi nuna fuska da gangan, don ya nuna mana cewa kiɗa daga ƙasa yake tasowa. Ta ce ya riga zamaninsa. Aka yi tafi. Uwargida ta yi ɗan tsaki a hankali, ni kuma na sunkuyar da kai.

Mutanen birni ba irin 'yan tashar Gumel ba ne, ba sa tashi. Suka zauna tsit. A kan babban kyallen nan ni ma na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Babban yatsan tsohon shi ke riƙe da kiɗan, yana sauka yana tashi, in waƙa ta yi zafi diddige ya karɓa. Ga faso, ga wani tabo a idon sawu. Na saci kallon uwargida na ga ta daina tsaki, ta tallafe haɓa, hawaye na zuba ba ta share ba. Na ce a raina yanzu ba lokacin magana ba ne. Ina cikin wannan dabara takalman suka shigo.

Ba ta juyo ba. Idonta na kan kyalle ta ce, ƙasa-ƙasa, "Malam, waɗancan ba takalman abokinka ba ne?"

Na ce su ne.

Ta ce, "Ku nawa ne a wajen?"

Na ce mu uku.

Ta ci gaba da kallo har aka gama, aka yi tafi, aka zo ana gaishe ta ana cewa ta yi sa'ar uba. A mota ta juya fuska wajen taga. Na saya mata ayaba a hanya, ta miƙa wa matar da ke kusa da ita. Sai da muka shiga gida ta cire mayafi ta zauna a bakin gado, sannan ta yi magana, kuma ba abin da na shirya wa amsa ta faɗa ba.

Ta ce, "Ƙafar nan ba ta ɓata mini rai ba yau. Ni ma ita na fi sani. Tun ina yarinya in na durƙusa gaishe shi ita nake kallo. Tabon nan ina wajen fartanya ta yi masa shi." Sannan ta ce, "Amma ka bar ni na ɗaure wa bawan Allah fuska shekara goma sha uku, ya mutu ban sake masa ba. Wannan fa, Malam, wa zan je in ba haƙuri?"

 Na tambaye ta me take so in yi. Ta ce tunda na iya rubutu a jarida a kan taki da makarantu, in rubuta wannan, inda 'yan Gumel za su karanta, da sunana a ƙasa.

To ga shi na rubuta. Ni na riƙe kyamarar. Na san wani zai ce sai da aka fara tafi a Kano na tuna ni ne, kuma ba zan ga laifin mai faɗin haka ba. Don haka bari in raba abin yadda yake. Sunkuyar da kai nawa ne, da tsoro, da shirun. Tunanin a je a ɗauki tsohon kafin ya tafi na Ilu ne, shi ya sayi kyamarar, shi ya yi tambayoyin da suka sa tsohon ya buɗe baki, shi ya adana kaset ɗin da kowa ke yi wa dariya. In an yi tafi, shi aka yi wa, kuma daidai ne. Da yana nan na san zai sa babbar riga ya je ya karɓi yabon nan ba tare da ya gyara wa matashiyar ko kalma ɗaya ba, a hanyar dawowa kuma ya hana ni sakat har Gumel.

Allon ya daɗe da rubewa, gidan kallon ya koma hannun wasu, 'yan tashar da suka sa masa suna yawancinsu sun tsufa ko sun bi shi. Abin da ya rage mini na Ilu ba fim ɗin ba ne. Abin da ya rage shi ne na taɓa yin aboki wanda ya ga na buɗe baki, ya riga ni magana, ya ɗauki abin da ba nasa ba ya tafi da shi yana dariya. Ina kewarsa ƙwarai, kuma ban cancanci irinsa ba.

Juma'ar da ta wuce uwargida ta sa na raka ta gidan Ilu. Ta durƙusa gaban matarsa, ta faɗi komai, ta ce tunda shi ba ya nan ita za ta roƙa. Ina daga zaure ina jira in ji matar ta ce ai ta daɗe da sani. Sai na ji ta yi salati, ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka da gaske shi ne bai iya ba, har gori ta sha yi masa a kai in sun yi faɗa. Ko ita bai gaya wa ba.

Allah ya jiƙan Ilu, ya jiƙan surukina, ya sa mu cika da kyau. Wanda duk ya taɓa kiran abokina daraktan ƙafa, in yana da sauran tsokana, ina nan a Gumel, gidana ba ɓoyayye ba ne.